Gonar Batagarawa da Mutumin Landan

Asabar, 7 ga Mayu 2005, bayan la'asar

Yau Baba ya yi mini magana. Bai bi ta bakin Iya ba. Ya dube ni ya ce, "Sake karantawa."

Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ko Umma sun kama sunana ba. In Baba yana son buta sai ya ce wa Iya, mahaifiyarsa, "A ce ma yarinyar nan ta kawo ruwa," ko da ina tsaye a gabansa. A ɗakin Iya nake kwana, ita ta yaye ni. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka na tashi na ga ana yi a unguwarmu, Ƙofar Durbi.

Watan jiya Malam Umair, mai koya mana kwamfuta, ya kai ajinmu shagon intanet ya buɗe wa kowacce akwatin imel. Yau da safe muka koma ni da ƙawata Ma'u don kada mu manta yadda ake shiga. Sai na tarar da saƙo daga wani kamfani a Landan. Wai an zuba adireshin mutanen duniya a ƙuri'a, nawa ya fito, na ci fam dubu ɗari biyar. Ma'u ta matse mini hannu har sai da na ce ta sake ni. Na sa aka buga mini saƙon a takarda.

Iya kaɗai na nuna wa, don ta yi dariya. Ta ce, "Ke 'yar boko, Bature ya ga wannan goshin naki shi ba ki kuɗi? Kila dai kuɗin magani." Ta yi dariyar kuwa. Amma da Baba ya dawo daga kasuwa ta tare shi tun a zaure.

Na karanta masa sau uku, ina mayarwa da Hausa. Ban ɗaga kai ba.

Lahadi, da hantsi

Baba ya ce tun da soja suka koma bariki abubuwa suke ta zuwa waɗanda ba a taɓa gani ba. Ga waya a aljihun mai faskare. Ga wanda suka yi dako tare a Babbar Kasuwa yau kansila ne, har da mota. Ya ce, "To mi zai hana Allah shi kawo namu ta nan?"

Iya yake gaya wa, amma ni yake kallo.

A takardar sun ce kada a gaya wa kowa har sai kuɗi sun shigo, don kada wani ya yi sojan gona. Baba ya ji daɗin wannan wurin. Ya ce dama ba ya son maganar ta je kunnen Liman, don wani zai iya kiranta caca, alhali mu ba mu zuba ko kwabo ba.

Talata, bayan magariba

Mun je shagon intanet ni da shi. Yana gaba ina baya. Ban taɓa tafiya da Baba a titi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama, hularsa a hannu. Na rubuta musu sunana da unguwarmu da lambar wayar Mati, mai lemar waya a bakin titinmu, tunda mu ba mu da waya.

A hanyar dawowa ya saya mini tsire. Bai miƙo mini a hannu ba, ya ajiye a kan dakali ya ce, "Ga shi nan." Na ci ina jin kunya. Ya yi daɗi.

Alhamis, bayan azahar

Mutumin ya kira. Mati ya aiko aka kira mu. Sunansa Mista Hawad, wai shi ke riƙe da fayil ɗina. Yana magana a hankali, yana ta taya ni murna. Ya ce komai ya kammala, saura kuɗin rajista da na lauya, kuma sai an biya kafin a saki nawa. Ya ce in aka wuce Litinin za a ba wanda ya zo na biyu.

Na faɗa wa Baba yadda ya faɗa. Ya gyaɗa kai ya ce ai ko takardar fili sai an biya kuɗin hatimi.

Juma'a, bayan masallaci

Baba dillalin hatsi ne. Yana da 'yan buhunan wake da ya ɓoye tun kaka yana jiran su yi tsada. Yau ya fitar da su ya sayar. Ni na cike takardar banki. Sunan da ke kan asusun ba na kamfanin ba ne, sunan mutum ne, irin na mutanen Kudu. Mista Hawad ya ce wakilinsu ne na Legas.

Na rubuta sunan da kyau, harafi bayan harafi.

Asabar, da yamma

Iya ta fara shirin Makka. Ta ce haƙoran zinare biyu za ta sa. Na ce, "Iya, a jikin me za a maƙala su?" Ta jefe ni da mafici ta ce, "Rabu da ni, mai kai kamar tulu. Da kuɗinki zan tahi, in dawo ki riƙa ce mani Hajiya kina durƙuso."

An ce kada a gaya wa kowa. Mai kawo mana nono ta yi mini barka yau.

Litinin, bayan makaranta

Ba a turo komai ba.

Laraba, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Ya sake kira. Wai kuɗin sun taso har sun iso, amma hukuma ta riƙe su, sai an biya haraji da takardar shaidar cewa ba kuɗin haram ba ne. Abin da ya ambata ya ninka na farko sau da yawa. Sai da na ce ya maimaita.

Yana cikin bayani na ji wani abu a bayansa. Yara ne suka kwashe da ihu gaba ɗaya, irin ihun da yaran layinmu ke yi in an dawo da wuta. Sai ƙarar janareta ta mutu. Ban san da ƙarar ba sai da ta ɗauke.

Na tsaya riƙe da wayar. Baba ya ce, "Mi ya ce?" Na faɗa masa kuɗin. Ihun ban faɗa ba.

Kila a Landan ma yara suna ihu. Ban taɓa zuwa ba.

Alhamis, kafin a tafi makaranta

Ban yi barci sosai ba. Gwajin lissafi ne yau kuma ban duba komai ba.

Alhamis, bayan azahar

Na tsaya bayan kowa ta fita daga aji. Na daɗe ina gyara jakata kafin na iya cewa, "Malam, ina da tambaya." Na ce wata 'yar unguwarmu ce aka aiko wa saƙo.

Malam Umair ya ce, "Ta shiga wata gasa ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ta ci? Wanda bai sa sunansa ba, ta ina sunan zai fito?" Ya tambaya ko sun nemi ta fara biyan wani abu. Na ci gaba da gyara jakata. Ya ce, "Sun ce ta yi sauri, kuma kada ta gaya wa kowa, ko?" Na ce ban sani ba, sai na tambaye ta.

Ya yi dariya, amma ba irin ta raini ba. Ya ce, "Halimatu, ni a watan nan kaɗai na ci irin wannan ya fi a ƙirga. Na ci ta Landan, na ci ta Sifen, har wata matar marigayin minista ta ce in riƙe mata dukiya. Ga ni nan da kekena, tayar baya ma faci ne." Ya ce saƙo ɗaya ne suke watsa wa dubban mutane, su zauna su jira wanda zai amsa. Ya ce in an biya na farko za su ƙirƙiro na biyu, in an biya na biyu ga na uku nan tafe, ba ranar da za su ce ya isa. Ya ce in gaya wa yarinyar ta daina amsa musu, ta gaya wa babba a gidansu yau, kada ta kai gobe.

Ya ce, "Ba ta riga ta tura wani abu ba dai?"

Na ce a'a. Na yi wa malamina ƙarya. Allah Ya yafe mini.

Juma'a, da yamma

Baba ya ce zai sayar da gonar Batagarawa.

Ita kaɗai ce gare mu. Kakanmu, wanda Iya ke kira Malam, shi ya bar ta. Geron da muke ci daga kaka zuwa kaka daga can yake, dillancin Baba na cefane ne kawai da kuɗin makaranta. Ya ce Alhaji Babaji, mai gonar da ke maƙwabtaka da tamu, ya daɗe yana nema. Ya ce in kuɗin suka zo zai sayi irinta goma.

Iya ta ce, "Tsamiyar nan ta tsakiya Malam ya dasa ta." Baba ya ce ai tsamiya ba ta ƙare a duniya ba.

Ina wanke-wanke a bakin rariya. Na wanke kwano ɗaya har Umma ta ce wa bango ruwa ba kyauta ake samunsa ba.

Asabar, da safe

Na gaya wa Iya. Na zauna a bakin gadonta na ce, "Iya, mutanen nan macuta ne. Babu wasu kuɗi."

Ta kalle ni ta fashe da dariya. "Kin gani ko? Rowa ta motsa. Tun kuɗin ba su zo ba kin fara ɓoyo." Na ce wallahi da gaske nake. Ta ce, "Da gaske kike ranar da kika ce mani akuya ta ci gorona, ashe ke kika kai ma Ma'u." Na ce wannan ina ƙarama ne. Ta ce, "Yanzu ma mi kika fi? Tashi ki miƙo mani carbina, ɓarauniyar kujerar Makka."

Tun ina goye ni da Iya ba mu taɓa yin magana ba sai da tsiya a ciki. Yau na nemi yadda zan faɗa mata abu ta ji shi a matsayin magana, ban samu ba. Da na fara kuka ma cewa ta yi, "Kukan dillalai, a gun ubanki kika koya."

Na gaji.

Lahadi, bayan azahar

Umma tana tsince shinkafa a tsakar gida, ƙanwata Kulu tana rarrafe kusa da ita. Kulu ba ta kai shekara ba. Na ɗauke ta na zaunar a cinyata, na juya wa Umma gefe, na ce, "Kulu, malaminmu ya ce irin saƙon nan ƙarya ne. Ya ce kowa ma ana aika masa. Kulu, kada a sayar da gona."

Hannun Umma ya tsaya a cikin faifai. Sannan ta ce, "Kulu, ce ma yayarki ni tun ranar da aka fitar da wake ban ƙara cin abinci ya zauna mani ba."

Na ce, "Kulu, to a gaya masa mana."

Ta ce, "Kulu, na gwada. Ya ce ni da ban san bihim ba ina na san abin da ke cikin na'ura. Ya ce wadda ta yi karatun ai ba ta ce komai ba."

Kulu ta kama ɗankwalina tana ja tana dariya. Umma ta tashi ta shiga madafa, ta bar shinkafar a nan, kaji suka taru.

Wadda ta yi karatun ba ta ce komai ba.

Litinin, 23 ga Mayu, da yamma

Alhaji Babaji ya ba da kafin alƙalami, wato wani abu daga cikin kuɗin gonar don a san magana ta ƙullu. Sauran sai ranar Alhamis a gaban mai gari da shaidu, a can Batagarawa. Daga nan gona ta zama tasa.

Baba bai kwana da kuɗin ba. Mun je banki. Ni na sake cike takardar. Na ɓata ta farko, ma'aikacin ya ba ni wata. Baba ya ce wa ma'aikacin, "Ɗiyata ce. Aji biyar take." Ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Na buɗe baki a nan. Na rantse na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Baba, a nan za ka sa hannu."

Talata, kafin a tafi makaranta

Na ƙudura zan faɗa yau.

Talata, bayan magariba

Ban faɗa ba.

Ya shigo da fara'a, ya kawo mangwaro, ya zauna a tabarmar Iya yana lissafa abin da zai yi. Zai rufe ɗakin Umma da kwano sabo. Zai kai Iya Makka. Ya ce, "Ita kuma wagga, har jami'a. Likita ko lauya, ta zaɓa." Iya ta ce lauya dai, tunda ta iya ƙarya.

Ta yaya ake cewa uba an cuce shi? Da wace kalma ake farawa? A makaranta an koya mana rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, da wasiƙar neman aiki, da ta ta'aziyya. Na iya su duka, ina samun maki mai kyau.

Ma'u ta ce in rubuta masa a takarda. Wa zai karanta masa? Ni.

Kuma akwai abin da ba na son rubutawa ko a nan. In na faɗa, ba zai ƙara ce mini in zo mu tafi ba.

Na gaji. Kaina yana ciwo tun jiya.

Laraba, bayan la'asar

Na faɗa.

Alhamis, da hantsi

Ban je makaranta ba. Na ce wa Iya zazzaɓi. Baba ya fita tun da sassafe zuwa Batagarawa, bai ce wa kowa komai ba. Bari in rubuta na jiya tunda zaman jiran ya ishe ni.

Mati ya aiko cewa mutumin zai sake kira bayan la'asar. Muka fita, Baba a gaba ni a baya. Sai na ga ashe bayansa ya fi fuskarsa sauƙin yi wa magana. Ina kallon wuyan rigarsa inda Umma ta yi masa ɗinki. Mun wuce masu gyaran babur, na ce, "Baba."

Bai juyo ba, amma ya rage sauri.

Na ce, "Baba, in baƙo ya kawo maka hatsi ka sayar masa, yaushe kake karɓar la'adarka?"

Ya ce, "In ciniki ya faɗa. A cikin kuɗin nike cirewa."

Na ce, "Ka taɓa cewa sai ya je gida ya sayar da akuyarsa ya biya ka, kafin ka ba shi kuɗinsa da ke hannunka?"

Ya ci gaba da tafiyarsa. Na ce, "Su kuɗinmu yana hannunsu, in ji su. Me ya hana su cira a ciki?" Daga nan sai sauran ya zubo, ba tsari. Na faɗi abin da Malam Umair ya ce. Na faɗi ihun yara da janareta. Na ce ban taɓa shiga wata gasa ba, ban san su ba, ba su san ni ba. Na ce, "Baba, damfara ce." Muryata ta yi ƙara fiye da yadda na so, har wani mai babur ya waiwayo.

Ya tsaya cak. Na ɗauka zai juyo. Bai juyo ba. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun Larabar da ta wuce.

Ya ce, "Kafin Litinin ke nan."

Na ce e.

Ya ci gaba da tafiya, na bi shi.

A wurin Mati wayar ta yi ƙara, na ɗauka. Mista Hawad ya ce sun ga abin da aka tura, saura cikon, kuma gobe ce rana ta ƙarshe. Baba ya ce, "Ce mashi shi cire cikon a cikin kuɗin, shi turo sauran." Na faɗa. Ya ce doka ta hana a taɓa kuɗin. Baba ya ce, "Ce mashi shi cire ninki biyu, na yafe mashi." Na faɗa. Ya ce ba a yin haka, kuma in muka yi wasa za mu rasa komai har da abin da muka biya. Baba ya ce, "Ce mashi shi ɗauki rabi. Rabin duka. Shi turo rabi."

Na faɗa. Mutumin ya fara ɗaga murya, yana cewa ni yarinya ce ban san abin da nake yi ba, in ba shi babba.

Baba ya miƙo hannu na ba shi. Ban san Baba yana jin wani Turanci ba, ashe yana da irin na kasuwa, wanda yake yi da masu zuwa sayen wake daga Kudu. Ya yi magana a hankali, kamar yana taya buhu. Ban ji duk abin da aka ce masa ba. Amma na ji muryar ta canja, ta bar ta Landan ta koma irin ta Baban, har da zagi. Sai aka kashe.

Baba ya riƙe wayar yana kallonta. Mati ya ce, "Malam Almu, lafiya dai?" Baba ya ce, "Lafiya lau. Nawa ne naka?" Mati ya ce ai su suka kira, ba a biyan komai. Baba ya ce, "To. Ko nan an samu sauƙi."

Ya ce in wuce gida. Shi ya yi wajen masallaci. Bai ci tuwon dare ba.

Yanzu ban san abin da ya je yi Batagarawa ba. Ya karɓi kuɗin Alhaji Babaji, kuɗin kuma sun tafi. Baba bai taɓa tayar da ciniki ba, da wannan aka san shi a kasuwa. Ina tsoron ya sayar don kawai kada a ce ya yi magana biyu.

Alhamis, bayan la'asar

Bai dawo ba. An yi hadari ya watse.

Alhamis, bayan magariba

Ya dawo. Ya shiga ɗakin Iya, aka ce in fita. Na zauna a bakin murhu. Umma tana gefe ɗaya ina gefe ɗaya, Kulu tana barci, ba wanda za mu yi magana ta bakinsa.

Juma'a, da safe

Iya ce ta gaya mini, tana kallon ƙafafunta.

Ba a sayar ba. Baba ya faɗi gaskiya a gaban mai gari da shaidu, tun daga wake har wayar Mati. Iya ta ce da bakinsa ya ce, "An yi mani wayo, ni da nike ganin na san ciniki." Alhaji Babaji ya ɓata rai, ya ce ya riga ya sayi taki da sunan gonar. Mai gari ya sasanta su: gonar ta zama jingina. Alhaji zai noma ta har ranar da Baba ya mayar masa da abin da ya karɓa. Bana dai ba mu da gona. Baɗi sai yadda Allah Ya yi.

Na jira Iya ta tsokane ni. Ta ce, "Halimatu, ashe ba wasa kike ba rannan."

Na ce, "Iya, ai na rantse miki."

Ta ce, "Kin rantse. Ni ce ban ji ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "To Hajiya, haƙoran fa?" don ta jefe ni da wani abu. Ta ce in bari.

Lahadi, da yamma

Labari ya zaga unguwa. Mai nono ta yi mini jaje. Wata maƙwabciyarmu ta ce dama ita tun farko ta san ƙarya ne, alhali ita ce ta ce a tuna da ita in an tashi rabon atamfa.

Baba yana fita kasuwa da wuri, ya dawo bayan isha'i.

Talata, 31 ga Mayu, bayan makaranta

Na gaya wa Malam Umair cewa ba wata 'yar unguwarmu, ni ce. Ya ce ya sani. Ya ce zai yi wa duk ajin bayani ba tare da ya ambaci kowa ba, kuma ya yi. Ya ce laifinsa ne da ya buɗe mana akwati bai gaya mana irin abin da ke faɗowa ciki ba. Ya ce Baba zai iya kai ƙara, amma kada mu sa rai.

Mun biya shagon intanet da Ma'u. Saƙo uku daga Mista Hawad. Na ƙarshen yana cewa an yi mini rangwame, in turo rabin cikon kawai. Akwai kuma wani sabo daga wani da ya ce shi jami'i ne mai ƙwato wa mutane kuɗin da aka cuce su, in biya kuɗin buɗe fayil. Na goge su duka. Ma'u ta ce in zage su tukuna. Na ce ba ni da ƙarfi.

Na faɗi gwajin lissafi.

Asabar, 4 ga Yuni, da hantsi

An yi ruwa jiya, mai yawa, har ya shigo zaure. Yau tun da asuba ake jin mutanen layinmu masu gona a ƙauye suna fita, da sungumi a ɗaure a bayan babura. Kowace shekara a irin wannan ranar Baba ne kan gaba.

Yana zaune a tsakar gida yana gyara takalminsa da bai lalace ba.

Iya ta shiga ɗaki ta fito da irin geron da aka ware tun bara, zangarkun da aka zaɓa masu manyan ido. Ta ajiye a gaban turmi ta ce wa Umma a sussuke a surfa, ai ba a bar hatsi yana kallon mutane ba alhali buhu ya yi ƙasa.

Umma ta ɗauki taɓarya. Baba ya ce, "A'a."

Iya ta ce, "Almu, ina za ka shuka shi? Bisa kaina?"

Ya ce, "Ba a cin iri a gidan nan. A mai da shi inda yake."

Iya ta ce kafin baɗi ƙwari sun gama da shi. Ya ce a zuba toka a tulu a rufe bakin da laka, yadda Malam ke yi. Ya ce ko dako ne zai koma, kafin ruwan baɗi zai kai wa Alhaji kuɗinsa.

Ba wanda ya ce ni in yi. Na tashi na ɗebo toka a murhu, na tankaɗe. Umma ta wanke tulun ta kife shi a rana. Baba ya kwaɓa lakar da hannunsa. Yanzu muna jira tulun ya bushe.